Taron tsofaffin ɗalibai ya faɗo daidai lokacin yankan riɗi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina neman shawararku.

Abokan karatunmu na Jami'ar Bayero, waɗanda muka gama tare a 2009, sun tsayar da taron zumunci a Kano, daga daren Juma'a zuwa Lahadi. A zaurenmu na WhatsApp aka yanke ranar, kuma yawancinsu ma'aikatan birni ne, ba su yi la'akari da kaka ba.

Ni kuwa ina ƙauyenmu a ƙasar Gumel, ina koyarwa ina noma, kuma riɗina ya kusa yanka. Ganyen ƙasa ya fara rawaya yana zuba. Wanda ya san riɗi ya san ba ya jira: in kwanson ya bushe a tsaye sai ya fashe, ƙwayar ta zube cikin rairayi, ba mai tsince ta. Bayan yanka ma sai an ɗaure, an jingina shi ya sha iska kafin a kakkaɓe. Ƙanena da zan bar wa aikin, yaro ne, bai taɓa tsayawa kan 'yan ƙwadago ba.

Ga kuɗin gudummawa, wanda ba zai samu ba sai na kai amfanin gonar zuwa kasuwar Maigatari ran Alhamis.

Raina na son zuwa ƙwarai, domin za a yi wa mamatanmu addu'a, ciki har da abokin ɗakina.

Shin in na yanka da ɗan sauran kore, zai rage auki? Kuma ta yaya zan nemi shugaban taro ya ɗaga min biyan gudummawar ba tare da maganar ta fito fili ba?

Allah Ya saka da alheri.