Tantance ma'adinai da hannu: da me ake farawa, ina ake tuntuɓe?

Ɗalibar jiyoloji, Yamai:
Assalamu alaikum malamai da yayye. Mu ƴan shekarar farko ne a sashen ilimin duwatsu na Jami'ar Abdu Mumuni, kuma jarrabawar TP, wato ta aikin hannu a labo, ta ma'adinai ta matso. Jerin tauri na Mohs mun haddace shi tun daga talk mai 1, mafi laushi, har lu'ulu'u mai 10, mafi tauri. Amma da an jera mana fararen duwatsu huɗu a tebur, kwarts da kalsit da jips da feldispat, sai duk su zama abu ɗaya a idonmu. Ku da kuka saba da aikin, da me kuke farawa?

Malamin labo:
Wa'alaikumus salam ƴata. Ki fara ajiye launi gefe guda. Kwarts kaɗai yana zuwa fari, yana zuwa ruwan hoda, shunayya, har mai duhun hayaƙi, saboda ɗan gurɓin da ya shiga jikinsa. Da tauri ake farawa, kuma kayan aikin ba su da tsada: farcenki 2,5 ne, guntun wayar tagulla ta lantarki wajen 3, bakin wuƙa da gilashi wajen 5,5.

Ga fararen nan huɗu, farce tukuna. In ya shiga, jips ne, taurinsa 2. In bai shiga ba, sa wuƙa: kalsit 3 ne, wuƙa na yankarsa ba gardama. In wuƙa ta zame, dutsen kuma ya karce gilashi, saura biyu: feldispat mai 6 da kwarts mai 7. A nan tauri ba zai raba miki su da sauƙi ba. Ki juya dutsen sannu a hasken taga. Feldispat yana da fuskoki shimfiɗaɗɗu da ke walƙiya gaba ɗaya lokaci guda, biyu daga cikinsu suna haɗuwa a kusurwar da ta kusa digiri 90. Kwarts ba ya tsagewa a miƙe; karayarsa a lanƙwashe take, kamar ta fasasshiyar kwalba.

Inda ɗalibai suka fi faɗuwa shi ne farin layin da ke fitowa bayan karta. Sau da yawa garin dutsen ne mai laushi ya manne a jikin gilashin, ba karta ba ce. A shafe da jiƙaƙƙen yatsa, a bi wurin da farce. In farce bai ji rami ba, ba a karce komai ba. Haka wuƙa takan bar layi mai ruwan toka a kan kwarts. Ƙarfen wuƙar ne ya goge, dutsen lafiyarsa lau. Gilashin kuma a shimfiɗe shi a tebur, kada a riƙe shi a tafin hannu ana dannawa.

Ɗan Ader, Tawa:
Malam ya gama magana kan tauri, sai dai in ƙara abin da daji ke koyarwa. Samfurin labo wankakke ne, na daji kuwa rana da ruwa sun ci fatarsa. Kada ki gwada komai a bayan dutse. Ki fasa shi da guduma, ki yi aiki a sabuwar fuska. Feldispat da ya fara ruɓewa yana komawa farar laka, har farce ya shige shi, ki rubuta jips alhali ba shi ba ne.

A wajenmu, yankin Malbaza da Keita, jips da dutsen farar ƙasa ba sa nesa da juna, dukansu kuma masana'antar siminti na bukatarsu. Asid ne ke yanke hukunci. Asid kloridirik mai ƙarfi, kashi ɗaya cikin ruwa kashi tara, kuma asid ake zubawa cikin ruwa, ba ruwa cikin asid ba. Ɗigo ɗaya a kan kalsit, nan take kumfa ta tashi har kunne na jin sautinta. Jips shiru. Dolomit kuma, ɗan'uwan kalsit mai kama da shi, sai an kankare shi ya zama gari kafin ya yi kumfa, ita ma a hankali.

Abu biyu ke ruɗarwa. Ɓawon kalsit yakan lulluɓe tsakuwar kwarts ko ya cika tsaguwarta, sai dutsen ya yi kumfa a sama alhali cikinsa kwarts ne. Na biyu, kanwa ma tana kumfa da asid, don ita ma karbonat ce kamar kalsit. Jefa ɗan guntu cikin ruwa: kanwa za ta narke, kalsit zai zauna. Kuma kada kowa ya ce zai yi da ruwan batir. Wannan asid sulfurik ne, yana yi wa kalsit siririn ɓawon jips, kumfar ta mutu da wuri, ga shi yana cin fata da tufafi.

Jips mai faifai-faifai da ake gani ta cikinsa kuma ana ɗaukarsa mika fari, wani ma'adini mai ɓarewa faifai-faifai shi ma, don farce na iya shiga dukansu. Ɓare siririn faifai ki lanƙwasa: na mika yana miƙewa ya koma yadda yake, na jips yana zama a lanƙwashe ko ya karye.

Malamar SVT (kimiyyar halittu da ƙasa) a lise:
Ɗan Ader, ban ƙi taka ba, amma ba kowane ɗalibi ne zai samu wannan asid a gida ba, kuma ban so yara su riƙa yawo da shi cikin jaka. Binegar ko ruwan lemun tsami suna aiki, in an san iyakarsu. A kan dunƙulen kalsit kumfarsu ƙanana ce ƙwarai, ido kan wuce ta. A kankare gari kaɗan, a ɗiga, a duba da lup, wato gilashin ƙara girma. Dolomit kam kada a dogara da su a kansa.

Ni gwajin da nake ganin an raina shi ne nauyi. A samu ƙaramin sikeli irin na masu sayen zinariya, mai nuna 0,1 na giram. A auna dutsen a bushe. Sannan a ɗora kofin ruwa a sikelin, a mayar da shi sifiri, a ɗaure dutsen da zare a nutsar da shi ba tare da ya taɓa gindi ko gefen kofin ba. Lambar da ta fito ita ce girmansa. A raba ta farko da ta biyu; abin da ya fito shi ne sau nawa dutsen ya ninka ruwa a nauyi. Giram 53 a bushe, 20 a cikin ruwa, ya ba da 2,65, wato kwarts. Jips 2,3 ne, kalsit 2,7, baritin kuwa 4,5, shi ya sa farin dutsen da ya yi wa hannu nauyi fiye da kima ake fara zarginsa da baritin. Kwarts da kalsit sun yi kusa da juna, wannan gwaji ba zai raba su ba. Dutse mai ramuka irin marmara yana riƙe iska, lissafin ya lalace. Gishirin Bilma kuma narkewa zai yi.

Maganar lasar dutse don a ji ɗanɗanonsa: gishiri kaɗai, shi ma in sauran alamu sun nuna shi ne. Samfurin labo an sha ɗiga masa asid.

Ɗalibar jiyoloji, Yamai:
Allah ya saka da alheri. To baƙaƙen da masu ƙyallin ƙarfe fa? Su ma suna cikin tiren.

Injiniyan ma'adinai, hanyar Tera:
Ƙanwata, nan launin gari ne makaminki. Nemi guntun farin karo na daɓen ɗaki, ki yi amfani da bayansa marar santsi, ki goga dutsen da ƙarfi. Hematit ko da baƙi ne mai sheƙi, garinsa ja ne mai duhu. Getit garinsa rawaya ne mai ruwan ƙasa, kuma shi za ki fi gamuwa da shi a tamar da ke kan tuddan Yamai har zuwa Say, mai ƴan ƙananan ƙwayoyi zagayayyu manne da juna. Manyetit garinsa baƙi ne, maganaɗisu na kama shi da ƙarfi. Ki sa maganaɗisun cikin leda kafin ki kai shi ga baƙin yashi, in ba haka ba ba za ki iya share shi ba. Dutsen da taurinsa ya kai 7 shi ne zai karce karon, farin garin da za ki gani na karon ne.

Wanda ya fi cin kuɗin mutane a yankin Liptako na yammacin Nijar shi ne pirit. Ana ganin rawaya mai ƙyalli cikin jijiyar kwarts a ce an dace. Pirit taurinsa 6 zuwa 6,5, wuƙa ba ta shigarsa, garinsa baƙi ne mai ɗan kore, guduma na farfasa shi. Zinariya taurinta bai wuce 3 ba, allura na shiga, layinta rawaya ne, in an buga ta baje take yi. Nauyinta ya haura 19 in tsantsa ce, pirit 5. Baƙin mika da ya tsufa shi ma yana ɗaukar ruwan zinariya, amma a kwanon wanki shi ne farkon bin ruwa, ita kuwa tana kwance a gindi.

Galen, dutsen kwalli, ba ya ɓuya: nauyi 7,5, tauri 2,5, yana fashewa ƴan murabba'ai masu kaifin kusurwa. Dalma ce a cikinsa, a wanke hannu bayan an taɓa.

Malamin labo:
Saura biyu da kan zo a jarrabawa, amfibol da piroksen. Dukansu baƙaƙe ne ko kore mai duhu, taurinsu 5 zuwa 6, launin gari ba ya raba su. Ki dubi kan ƙwayar da lup mai ninki 10, wajen da tsaguwa biyu suka gitta. In sun haɗu kusan digiri 90, piroksen ne, kuma yawanci gajere ne mai kauri. In kusurwar ta buɗe wajen 120, ɗayar 60, amfibol ne, ƙwayarsa doguwa. Lup ɗin a manne shi da ido, dutsen ake matsowa da shi har ya fito sarai. A takardar amsa kuma ki rubuta abin da kowane gwaji ya nuna kafin sunan. In biyu sun saɓa wa juna, ki fasa sabuwar fuska ki sake.