Sabar tana mutuwa da kanta duk bayan kwana biyu ko uku, ku taimaka da shawara

Nura: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina kula da wata saba (kwamfutar da sauran kwamfutoci ke dogaro da ita) a wurin aikinmu, tsarin Ubuntu 22.04 ne a kai, tana riƙe da fayiloli da rumbun bayanai. Mako uku ke nan tana sandarewa, galibi cikin dare lokacin da ake kwafe bayanai zuwa ajiya. Da safe sai in tarar da allo cike da rubutu, a ƙasa an rubuta "Kernel panic - not syncing". In na kashe na kunna sai ta ci gaba kamar ba abin da ya faru. Na duba log, wato fayil ɗin da tsarin ke rubuta abubuwan da suka faru, ban ga komai ba, rubutun yana yankewa ne kawai. Na sake girka tsarin gaba ɗaya, bayan kwana huɗu ta sake. Shugabanmu ya fara yi min wani irin kallo. Ta ina zan fara?

Malam Bashir: Wa alaikumus salam. Ka daina sake girkawa tukuna, kana share sawun ɓarawo ne. Dalilin da ba ka ga komai a log ba shi ne, in kanel, wato zuciyar tsarin, ya firgita (abin da "Kernel panic" ke nufi ke nan) yana tsayar da komai nan take, har da rubutu a kan faifai, don kada ya lalata bayanai. To maganarsa ta ƙarshe a allo kawai take tsayawa.

Aikinka na farko shi ne kama wannan maganar. Girka linux-crashdump, shi zai kunna maka kdump. Ana ware wani yanki na ram, wato ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta, tun lokacin tashi, a ajiye kanel na biyu a ciki. In na farko ya faɗi, na biyun ya tashi ya kwashe abin da ke cikin ram ya zuba a /var/crash. Kada ka yarda da shi sai ka gwada: a lokacin da ba kowa ke aiki ba, ka rubuta echo c > /proc/sysrq-trigger, wannan zai kayar da injin da gangan. In fayil ya bayyana, tarkonka ya ɗanu. Na sha ganin wanda ya jira mako guda, injin ya faɗi, sannan ya gano wurin da ya ware bai ishi kanel na biyun tashi ba.

Kafin nan ma, in ka sake tarar da allon, ɗauki hotonsa da waya.

Aisha: Ƙari a kan maganar Malam, in kana da wata kwamfuta a layi ɗaya, kunna netconsole. Yana tura saƙonnin kanel ta layin sadarwa (UDP) zuwa ɗayar, kuma sau da yawa yana kama layukan sama da suka shige allo.

Kabiru: Ni dai ina ganin sabunta kanel ne ya jawo. Shiga GRUB, jerin zaɓin da ke fitowa lokacin tashin injin, ka zaɓi tsohon, ka huta.

Malam Bashir: Yana iya yiwuwa, Kabiru, amma hasashe ne. In ya koma tsohon kanel ta yi shiru kwana uku, me ya gano? Dama kwana uku take yi. Nura, in ka samu rahoto biyu ko uku, ka jera su ka duba layin da ya fara da RIP da abin da ke ƙarƙashin Call Trace. In kullum a wuri ɗaya take faɗuwa, sunan direba (manhajar da ke sarrafa wata na'ura) ɗaya yana maimaituwa, to laifin manhaja ne, a nan shawarar Kabiru za ta yi amfani. In yau nan gobe can, ka zargi ƙarfen: ram, zafi, ko na'urar ba da wuta. Duba kuma kalmar Tainted, alamar cewa wani abu ya taɓa tsabtar kanel, da haruffan da ke bin ta. Harafin O na nufin akwai direban da aka kawo daga waje, P kuma wanda lasisinsa ba buɗaɗɗe ba ne, M na nufin injin ya taɓa kai ƙarar matsalar ƙarfe.

Nura: Allah ya saka, Malam. Na samu biyu, ga kuma wani hoto da na ɗauka tun farko. Ɗaya a ext4, tsarin ajiye fayiloli a faifai, ya faɗi, ɗaya a ɓangaren sadarwa, na hoton kuma a wajen rabon ram. Duka "Not tainted". Amma na taɓa gwada ram da Memtest86+, ta wuce lafiya.

Aisha: Zagaye nawa ka bar shi ya yi? Kuma ram ɗin mai ECC ce?

Nura: Zagaye ɗaya. Ba ECC ba ce, kwamfutar tebur ce aka mayar saba, sanda huɗu na DDR4.

Aisha: To ka gani. Zagaye ɗaya a inji mai sanyi ba shaida ba ne. Mai ECC tana gyara kuskuren bit ɗaya ta kuma kai rahoto, taka kuwa shiru za ta yi ta miƙa wa kanel gurɓataccen adireshi. Kuma ka lura da lokacin: kwafe bayanai yana cika ram da fayiloli har lungun da ba a taɓawa da rana, ga injin ya ɗau zafi. Bar gwajin ya kwana. Shiga BIOS, wato saitin injin na kafin tsarin ya tashi, kuma ka ga ko XMP a kunne yake, domin yana tura ram gudun da ya wuce na asali, sanda huɗu kuma ba kullum suke jure hakan ba. Abu ɗaya za ka riƙa canzawa a lokaci guda, ka rubuta a takarda.

Sannan ka binciki ajiyar da aka kwafa cikin makonnin nan. Ram ɗin da ke kayar da kanel tana iya lalata fayil ba tare da kowa ya sani ba.

Nura: Na dawo da labari. A zagaye na uku jajayen layuka suka fara fitowa. Na kashe XMP, ba su daina ba. Sai na riƙa gwada sandunan ɗaya bayan ɗaya a rami guda, ta uku ce kaɗai ta ba da kuskure. Na cire ta, yau kwana goma sha ɗaya ba ta faɗi ba. Maganar ajiya kuwa, Anti Aisha, kin yi gaskiya: fayil biyu sun ƙi buɗuwa, sai da na koma kwafin watan jiya.

Malam Bashir: Madalla. Bar kdump ɗin a kunne, kuma ka jira ta cika wata guda kafin ka ce wa shugabanku an gama.