Shawarwari kan adana sautuka a na'urar kiɗan ganga

Masu amfani da Digitakt, na'urar kiɗan ganga mai kunna guntayen sautin da aka loda mata, kan ce gyaran guntun sauti a kwamfuta ake fara shi. A yanke shirun farkon fayil, domin ko milisakan 10 ne, bugun zai riƙa makara. A dusashe wutsiyar sautin kaɗan, in ba haka ba za a ji ƙas a ƙarshe.

A Digitakt ta farko ana mayar da komai WAV (nau'in fayil ɗin sauti) mai bit 16, 48 kHz, hanya ɗaya, wato ba a raba hagu da dama. Saboda haka sautin sitiriyo kan rasa kauri idan an haɗe hagu da dama. Gara ka haɗe da kanka ka saurara tukuna.

Sai kuma batun gurabe, wato wurare masu lamba da ake loda guntayen sauti a ciki. A Digitakt ta farko, kowane aiki (project) gurbi 127 gare shi, kuma saitin sauti ba ya ɗauke da fayil ɗin, nuni kawai yake yi gare shi. Ka sauya abin da ke gurbi na 5, duk kiɗan da ya dogara da shi ya canza murya. Ka goge fayil, sai tsit. Don haka a kwafe komai zuwa kwamfuta kafin gogewa.

Sunan fayil kuwa ya zama gajere, allon ƙarami ne.