Tambaya: wace doka za a kafa wa faɗan rubutu, kuma wane hukunci ya dace da mai maguɗi?

Ɗan Mabera:

Assalamu alaikum, yayyena. Akwai zauren WhatsApp na wasan kwaikwayon rubutu a nan Sakkwato, mutum 34, an gina labarin a kan zamanin Kanta da birnin Surame. Kowa da jaruminsa: wani barde, wani maharbi, wani ɗan tauri. Hira da fatauci da tafiye-tafiye duk suna tafiya lami lafiya, amma da an zare takobi sai rigima. Wannan ya rubuta "na sare kanka, ka mutu", wancan ya ce ai yana da maganin ƙarfe, na uku ya ce tun ɗazu ya ɓace da layar zana. Faɗan minti goma sai ya koma gardamar kwana biyu, har mutane suna fita daga zauren.

Wace doka ya kamata a rubuta, kuma me za a yi wa wanda ya karya ta? Matakai da lambobi nake nema, don "a yi haƙuri da juna" an sha faɗa bai hana komai ba.

Malam Barde na Arkilla:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kafin ka je ga hukunci, gyara yadda ake rubuta hari, don daga nan rigimar take tsirowa. Mai kai hari yunƙuri yake rubutawa, ba abin da ya biyo baya ba. Jikin jarumin wani ba naka ba ne.

Duba wannan: "Na sare shi a kafaɗa, takobinsa ya faɗi, ya durƙusa." Mai rubutun ya kai sara, ya yanke cewa ta samu, sannan ya motsa hannu da gwiwar abokin karawarsa. Laifi uku a layi ɗaya. Ga yadda ya dace: "Barde ya matso taku biyu, ya kawo sara daga sama da hannun dama, yana nufin kafaɗar hagu ta Maharbi." A nan ya tsaya, ya bar wa Maharbi filin amsa. Harin da ya cika dole ya faɗi makami, da tazarar da ke tsakani, da gaɓar da aka nufa. In babu gaɓar, mai karewa bai san abin da zai kare ba, sai alƙali ya mayar wa mai shi ya ƙarasa.

Masu wannan wasa a ƙasashen waje suna da sunayen laifuffukan, kuma yana da kyau 'yan zaure su san su. Godmodin shi ne motsa jarumin wani ba da izininsa ba, ko mayar da naka wanda ba ya jin sara. Otohit shi ne sarar dole, irin misalin farko. Metagemin kuwa satar sani ce: kai ka karanta a zaure cewa an yi kwanton ɓauna bayan ganuwa, jaruminka bai gani ba bai ji ba, amma sai ga shi ya sake hanya babu dalili. Wannan ya fi sauran wuyar kamawa. Tambayar da alƙali zai yi ɗaya ce: nuna mini saƙon da jaruminka ya sami labarin a cikinsa. In babu, an soke.

Kowane zagaye, mutum yana da abu uku a jere: kariya ɗaya, motsi ɗaya, hari ɗaya. Kalmomi 50 zuwa 120 sun isa. Wanda ya tsallake harin da aka kawo masa bai ce komai a kai ba, harin ya same shi cikakke. Wanda ya jero sara biyar a saƙo ɗaya, ta farko kaɗai ake ƙirgawa.

Sai batun layu, wanda shi ne ciwon zaurenku. Kada ku hana su, su ne gishirin labarin. Ku sa musu iyaka a takardar jarumi, a liƙa ta kafin a shiga fage. Layar zana: sau ɗaya a faɗa, zagaye ɗaya, kuma mai ita ba ya kai hari yana ɓace. Maganin ƙarfe: yana tare sara biyu na farko na takobi ko mashi ko kibiya, amma ba ruwansa da gora, jifa ko kayarwar kokawa. Kowane jarumi asiri biyu, rauni ɗaya da aka rubuta ƙarara. Abin da ba ya cikin takarda ba ya cikin fage, ko da mai shi ya rantse tun jiya yake da shi.

Na Ƙofar Rini:

Abin da Malam yac ce daidai na, amma akwai rami guda. In mai karewa shi kaɗai ka faɗin ko sara ta same shi, babu wanda za a taɓa sara har a tashi. Kowa sai goce, goce, goce. Ko a dambe, ba ɗan dambe ka shelar an kashe shi ba. In hannu ko gwiwa sunka taɓa ƙasa, kowa ya gani, magana ta ƙare. Wanga wasa shina buƙatar abin da kowa zai gani haka nan.

Mafi sauƙi shi ne ɗan ludo. A Telegram, in anka aika alamar ɗan ludo ita kaɗai, sai ta juya ta tsaya kan lamba 1 zuwa 6, kuma daga can Telegram lambar take fitowa, ba daga wayar mai aikawa ba. A WhatsApp alamar hoto ce kawai, ba ta juyawa, don haka ko ku buɗe fage a Telegram, ko alƙali ya jefa na gaske ya ɗauki bidiyo ba yankewa. A manhajar hira ta Discord akwai bot, wato shirin kwamfuta mai aiki da kansa, irin Avrae mai jefa ɗan ludo mai fuska 20, irin wanda anka sani a wasan Dungeons & Dragons.

Ga lissafin, don a nan mutane ka kuskure. Mai hari ya jefa, mai kariya ya jefa. Hanyoyin da lambobi biyu za su iya faɗuwa 36 ne: 15 mai hari ya fi, 15 mai kariya ya fi, 6 kunnen doki. In kun ba mai kariya kunnen doki, hari na samu sau 15 cikin 36, kusan kashi 42 cikin ɗari. Ƙara wa mai hari maki 1, ya koma 21 cikin 36, kashi 58. Maki 2, 26 cikin 36, kashi 72. Maki 3, 30 cikin 36, kashi 83, wanga kam ba faɗa ba ne, yanka ne. Don haka ƙarin da doki ko sulke ko tsayuwa kan tudu za su ba mutum, in anka haɗa su duka, kada ya wuce 2.

Rai kuma a ba kowa 12. Sara ko sukar mashi 3, kibiya 2, naushi 1. Da wagga ƙirga, sai sara huɗu sun samu kafin jarumi ya faɗi, wato wajen hari goma in babu ƙari. Ku raba faɗan turmi uku, kowane zagaye huɗu. In an ƙare babu wanda ya faɗi, mai sauran rai da yawa shi ya ci. Jifar ɗan ludo guda kowa ke da ita a kowane hari. Wanda ya goge tasa ya sake, an ƙirga jifarsa lamba 1. Wadda anka turo daga wata hira ba a karɓa.

Kuma kada a sa kuɗi, ko kati, ko data. Da an sa, ya tashi daga wasa ya koma caca.

Anti Mai Alƙalami:

Ɗan Mabera, ga hukuncin, tunda yayyenka sun shimfiɗa dokar. Ra'ayina shi ne hukunci ya fara sauka a kan jarumi kafin ya sauka a kan mutum. Yawancin masu sarar dole sababbi ne, ba mugaye ba, kuma kora tun ranar farko ba ta koya wa kowa rubutu.

Laifin farko a faɗa: alƙali ya soke saƙon, ya faɗi dokar da aka karya da lambarta, ya ba da minti 10 a sake rubutawa. Na biyu a faɗa ɗaya: an rasa zagayen, harin abokin karawa ya samu ba tare da jifa ba. Na uku: an faɗi faɗan gaba ɗaya. Wanda ya faɗi faɗa biyu ta wannan hanya cikin kwana 30, a hana shi fage kwana 7. Hira da sauran labari yana iya yi. In ya dawo ya maimaita, kwana 30. Sai bayan wannan ake maganar kora.

Akwai waɗanda ba sa bin wannan tsani. Zagin mutum na gaske, ko iyayensa, ko ƙabilarsa, ko addininsa. Bin mace ta saƙon sirri da sunan wasa bayan ta ce a'a. Shigo da lambar waya ta biyu don a taru wa mutum ɗaya. Waɗannan fitarwa ce nan take. Jarumi yana iya yi wa jarumi kirari da gori iya son ransa, amma da an ambaci sunan mai wayar, an fita daga labari. Shi ya sa ake son alama ɗaya da kowa ya sani, misali a fara saƙo da "WAJE:" in ana magana ba da bakin jarumi ba.

Gyaran saƙo shi ne maguɗin da ya fi yawa. WhatsApp yana barin mutum ya gyara saƙo cikin minti 15 da aikawa. Yana nuna an gyara, amma ba ya nuna abin da ke ciki da farko. Sai mutum ya ga amsar da aka ba shi, ya koma ya mayar da "kafaɗa" ta zama "ciki". Dokar a nan gajera ce: saƙon faɗa da aka gyara ko aka goge ya mutu, kuma an ƙirga shi laifi ɗaya. Kuskuren rubutu a gyara shi a sabon saƙo. A babban zauren Telegram, admin yana iya duba abin da aka gyara ko aka goge cikin awa 48 da suka wuce, kuma yana iya rufe bakin mutum ɗaya zuwa wani lokaci. Discord ma yana da rufe bakin, har kwana 28.

Alƙali kuma ba ya hukunta faɗan da jaruminsa ko na 'yan ɓangarensa ke ciki, ko da shi ya buɗe zauren. Ku naɗa uku. Ana naɗa na kowane faɗa kafin a fara, da yardar ɓangarorin biyu. Ba a gardama da shi a tsakiyar fage. Mai ƙorafi ya ɗauki hoton allo, ya kai wa sauran biyun cikin awa 24, su kuma su amsa cikin awa 24, shi ke nan. A ajiye duk hukunci a wuri ɗaya: rana, laifi, mataki. In ba a rubuta ba, gobe za a ce an yi son kai, kuma ba ka da abin nunawa.

Mutuwar jarumi: sai da yardar mai shi, a rubuce, kafin a zare makami. In babu, rai ya kai sifili suma ne, ko kamu, ko gudu. Wanda ya yi wata shida yana gina jarumi ba zai yafe a kashe masa shi da jifa ɗaya ba.

Ɗan Mabera:

Allah ya saka da alheri, Anti. Saura abu ɗaya: wanda ya ga yana shan kashi sai ya yi shiru, washegari ya ce caji ne ya ƙare ko sabis ya ɗauke. Yaya za a bambance mai gaskiya da mai gudu?

Malam Barde na Arkilla:

Kada ka ma gwada bambancewa, ƙanena, ba za ka iya ba, kuma zargin mutum da ƙarya ya fi faɗan kansa ɓata zaure. Ka sa lokaci ya yi hukuncin. Faɗa iri biyu ne, a zaɓi ɗaya kafin a fara. Na zaune: minti 20 ga kowace amsa, ana tsayar da agogo a kowace salla na minti 30. Na jinkiri: awa 12 ga kowace amsa, wanda shi ya fi dacewa da ɗalibai da 'yan kasuwa, da kuma watannin zafi na Maris zuwa Mayu da wuta ke yawan ɗaukewa.

Kowa yana da dakatarwa ɗaya a faɗa, ta awa 24, ba sai ya faɗi dalili ba, kuma wani ɗan zaure yana iya nema masa ita in ya kira shi a waya. Lokaci ya wuce babu amsa babu dakatarwa, harin da ke jira ya samu. Ya sake wucewa karo na biyu, alƙali ya rubuta cewa jarumin ya janye daga fage, nasara ta ɗayan ce. Wannan ba ya shiga lissafin laifuffukan da Anti ta jera, sai in ya kai sau uku cikin kwana 30. A nan ne za a mayar da mutumin faɗan jinkiri kaɗai har wata ya zagayo.