Kundin Ace Attorney huɗu ne, kuɗina na ɗaya: wanne zan fara saya?

Sadiq: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Na ga kamfanin Capcom ta tattara wasannin bidiyo na Ace Attorney ta yi musu kwaskwarima, har kundi huɗu a Steam, shagon sayar da wasannin kwamfuta. Ni ban taɓa buga ko ɗaya ba, iyakata ganin hoton lauyan nan mai shuɗiyar kwat yana nuna yatsa. Kuɗin guda ɗaya gare ni, laftof ɗina kuma ba wata mai ƙarfi ba ce. Wanne zan ɗauka? Don Allah kada a tona min ƙarshen labari.

Bashir: Wa alaikumus salam ƙanina. Phoenix Wright: Ace Attorney Trilogy. Phoenix ɗin shi ne lauyan mai shuɗiyar kwat. Daga nan aka faro, wasanni uku na farko ne a wuri ɗaya, shari'a 14. Asalinsu na na'urar wasa ta hannu Game Boy Advance ne a Japan, 2001 da 2002 da 2004, Shu Takumi ya rubuta su, sannan aka mayar da su na'urar DS daga 2005, a nan ne sauran duniya ta san su. Wannan da kake gani a Steam a 2019 ya fito. Zane ne da rubutu kawai, laftof ɗinka za ta ɗauka, har na waya akwai. Amma ka sani tun yanzu karatu ne zalla. Ka je inda aka yi kisa ka tattara hujjoji, ka shiga kotu, shaida ya yi bayani jimla bayan jimla, kai kuma ka gano inda maganarsa ta ci karo da abin da ke hannunka. Shi ke nan wasan.

Ummi: Yaya Bashir kullum amsarka ɗaya. Sadiq, in da ni ce The Great Ace Attorney Chronicles zan saya.

Bashir: To Ummi, faɗi dalilinki mu ji.

Ummi: Mutum ya ce kuɗin ɗaya gare shi. Great ne kaɗai kundin da ke tsaye da ƙafarsa, ba ya bukatar ka san kowa. Labarin kakan kakannin Phoenix ne, Ryunosuke Naruhodo, ɗalibi a Japan ta zamanin Meiji da ya tsinci kansa yana kare mutane a kotun Old Bailey ta Landan. Wasanni biyu ne na na'urar 3DS, 2015 da 2017, ba su taɓa fita daga Japan ba sai da aka haɗa su a 2021. Shari'a 10, kuma labari ɗaya ne daga farko har ƙarshe.

Abin da ya kama ni shi ne mutum shida da ke zama su taya alƙali yanke hukunci. Sai duk su ce wanda kake karewa ya aikata, kai kuma a ba ka dama ta ƙarshe ka haɗa su faɗa da juna, ka nuna dalilin wannan ya rushe na wancan, har wasu su janye. Ga Herlock Sholmes, mai binciken da zai shigo ɗaki ya zuba bayani da tsananin yarda da kai alhali rabinsa shirme ne, kai za ka bi bayansa kana gyarawa. Ga Barok van Zieks, mai gabatar da ƙara, yana fasa kofi a kotu yana yi wa Japanawa kallon raini. Ba su ɓoye wariyar da baƙo ke gani a Landan ta wancan lokaci ba. Har marubucin nan Natsume Soseki, wanda da gaske ya zauna a Landan daga 1900 zuwa 1902 cikin ƙunci, sun sako shi a ciki.

Abba: Anti Ummi ba ki gaya masa wasan farko jan ƙafa yake yi ba. Shari'a ta biyu duk a jirgin ruwa ake yinta, ko kotu ba a shiga. Sannan ya ƙare da tambayoyi rututu babu amsa.

Ummi: Ai shi ya sa aka haɗa su. Waɗanda suka sha wahala 'yan Japan ne da suka jira shekara biyu. Kai kana gama na farko sai ka danna na biyu, kuma na biyun ya biya duk bashin da na farko ya ci.

Bashir: Ban musa miki kyaunsa ba, Takumi ne ya rubuta shi ma. Matsalata ita ce wanda ya fara da Great, in ya dawo Trilogy zai ga kamar an mayar da shi baya: babu motsin kyamara, babu kiɗan nan mai goge da sarewa, mutane a tsaye cak suna kaɗa baki. Gara ya hau daga ƙasa.

Isuhu: Salamu alaikum, daga Maraɗi nake bin ku. Ni Turancina bai kai ya ɗauki doguwar shari'a ba. Wanne ke da Faransanci?

Abba: Malam Isuhu, uku daga ciki suna da shi: Trilogy, da kundin Apollo Justice, da Investigations. Great kuwa da Turanci da Japananci kawai ya fito a 2021, kuma Turancin ma irin na Ingila ne na da, wasu shaidun da karin harshen talakawan Landan suke magana. Ka bar shi tukuna. Kada kuma ka ruɗe in muna hira, a na Faransanci Miles Edgeworth, mai gabatar da ƙara abokin karawar Phoenix, sunansa Benjamin Hunter.

Isuhu: Madalla, na gode. Ashe Trilogy ɗin ne nawa ni ma.

Hauwa: Na shigo a makare, ina kotu tun safe. Sadiq, ina bayan Bashir, amma bari in faɗi abin da ba su faɗa ba. Kada ka ɗauka aikin lauya za ka koya. A wasan kwana uku kacal ake ba kowace shari'a. Mai gabatar da ƙara yana fito da hujjar da ba ka taɓa gani ba a tsakiyar zama. Mafi muni, bai isa ka nuna akwai shakku ba, sai ka kamo ainihin wanda ya yi kisan, galibi yana tsaye a akwatin shaida. A wurinmu nauyin tabbatar da laifi yana kan mai ƙara ne, lauyan wanda ake tuhuma ba ɗan sanda ba ne. In na ɗaga murya na daki tebur yadda Phoenix ke yi, kafin azahar an fitar da ni.

Sai dai ba haka kawai suka ƙirƙiro abin ba. A Japan, sama da kashi 99 cikin 100 na waɗanda aka gurfanar kan laifi ana samunsu da laifin. In ka san haka za ka fahimci dalilin da ya sa Manfred von Karma, wani mai gabatar da ƙara a wasan, ke taƙama da shekara 40 bai faɗi shari'a ba, da dalilin da alƙali ke karkata wajen mai ƙara tun kafin ka buɗe baki. Wannan jin na cewa kai kaɗai ne ka yarda da mutumin da ke cikin akwati, shi kam gaskiya ne, na san shi. Kuma Apollo Justice da ya fito a 2007 ya taɓo batun sa talakawa cikin yanke hukunci, shekara biyu kafin Japan ta fara aiki da tsarin a 2009.

Sadiq: Barista, da gaske ne wai har aku ake yi wa tambayoyi a kotu?

Hauwa: Da gaske. Kuma in ka iso wurin ba dariya za ka yi ba, addu'a za ka riƙa yi akun ya yi magana. Ba zan ƙara ko kalma ba.

Abba: Tunda kowa na yabon Trilogy bari in kawo nawa ƙorafin, don ni kwaskwarimar ce ba ta yi min ba. Zanen asali na ɗigo-ɗigo ne, an yi shi don ɗan ƙaramin allo, kuma yana da rai. Da suka sake zana shi sai suka goge komai ya yi sumul, wasu fuskokin suka zama kamar na roba. Waɗanda suka buga a DS kuma sun san daɗin yi wa makirfo ihu lokacin da za ka ƙalubalanci shaida, da hura hodar ɗaukar zanen yatsa da bakinka. Yanzu maɓalli ne kawai. Kundin da aka yi wa aiki tsakani da Allah shi ne Ace Attorney Investigations Collection na Satumban 2024: sun sake zana mutanen, amma sun bar maka zaɓi, in tsohon zanen kake so ka koma masa.

Bashir: Ihun makirfo kam ban yi kewarsa ba, mutanen gida sun isa shaida. Amma batun zane ka yi gaskiya. Sai dai Sadiq bai ga tsohon ba, babu abin da zai dame shi.

Sadiq: To me zai hana in fara da Investigations ɗin, tunda shi ya fi gyaruwa?

Abba: A'a! Kada ka soma. Edgeworth ne jarumin, kuma duk nauyin labarin yana kan abin da ya faru da shi da mahaifinsa, wanda a wasan farko na Trilogy ake warware shi. Ka ajiye shi na biyu. Na farkon cikinsa, na 2009, matsakaici ne, shari'ar ƙarshe ma mai laifin ya ƙi saduda har sai ka gaji. Na biyun, Prosecutor's Gambit, shi ne zinariyar. A 2011 ya fito a Japan, shekara 13 babu fassarar kamfani, sai wadda masoya suka yi da kansu. Shi ya sa har yanzu tsofaffin 'yan wasa ke cewa Sebastian Debeste alhali Capcom ta sa masa Eustace Winner. Shari'o'insa biyar kamar ba su da alaƙa, sai a ƙarshe ka ga zare ɗaya ne ya ɗinke su.

Malam Nura: Ni tambayata daban ce. Yarona ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare yake nacin a saya masa. Ya dace?

Hauwa: Malam, kusan kowace shari'a kisan kai ce, ana nuna gawa da jini, ko da yake zane ne. Dual Destinies ma, na cikin kundin Apollo, da ya fito a 2013 hukumar tantance wasanni ta Amurka ta ware shi ga 'yan 17 zuwa sama. Sannan akwai abin da gara ka ji daga bakinmu: dangin Maya Fey, mataimakiyar Phoenix, masu kiran ruhin matattu ne ya hau jikinsu, kuma abin yana tsakiyar labarin, musamman wasa na biyu da na uku. Spirit of Justice kuwa, na ƙarshe a kundin Apollo, a wata ƙasar ƙage mai suna Khura'in ake yinsa, inda kotu ke dogara da abin da mamaci ya gani a ƙarshen ransa. Great da Investigations babu wannan a shari'o'insu. Ni dai da zan ba da shawara, ka bari ya ƙara girma, ko ku zauna tare.

Malam Nura: Allah ya saka da alheri Barista. Zai jira.

Ummi: Ba wanda ya tsaya wa Apollo, abin tausayi.

Bashir: Shi ne na ƙarshe a layi ai. Apollo Justice: Ace Attorney Trilogy, Janairun 2024, shari'a 16 har da biyun da a da sai ka biya daban, ciki da wadda ake kare kifin nan orka a kotu. Amfaninsa babba ne, domin a kan 3DS, Dual Destinies da Spirit of Justice ta shagon intanet kawai aka sayar da su a Turai da Amurka, shagon kuma an rufe shi a Maris 2023. Amma sunan kundin yaudara ne. Wasa ɗaya ne na Apollo, matashin lauyan, a sauran biyun Phoenix ya dawo ya karɓe fili, ga sabuwar lauya Athena Cykes ita ma tana neman nata. Takumi na farkon kawai ya rubuta, sauran Takeshi Yamazaki ya jagoranta, kuma ana jin canjin hannu. Dual Destinies ya cika nuna maka amsa kafin ka yi tunani.

Ummi: Shari'ar ƙarshe ta Spirit of Justice fa? A nan Apollo ya zama lauya.

Bashir: Na ba ki wannan. Sai dai mutum ya yi tafiya mai nisa kafin ya isa.

Abba: Akwai kuma tsarin da suka fara sakawa tun daga Great, wanda wasan ke buga kansa kai kana kallo. Yaya Bashir ya tsane shi.

Bashir: Me ya rage in an ɗauke maka tunanin?

Hauwa: Ni ina kunna shi jefi-jefi, ba na jin kunya. Akwai wuraren da ka riga ka gano wanda ya yi kisan da yadda ya yi, amma wasan yana son wata takamaimiyar hujja a kan wata takamaimiyar jimla, in ka riga shi sai alƙali ya ci ka tara. Wannan ba tunani ba ne, canki-canka ne. In ya wuce da ni wurin sai in kashe in ci gaba da kaina.

Sadiq: Na gode ƙwarai. Trilogy zan ɗauka, Anti Ummi a yi min afuwa, Great na nan a lissafi.

Ummi: Ba komai, za ka dawo ka same ni. Ka sa su duka a jerin abin da kake so a Steam, Capcom na yawan yi musu ragi.

Bashir: Abu biyu kafin ka shiga. Shari'a ta biyar a wasan farko, Rise from the Ashes, ƙari ce da aka yi a 2005, doguwa ce sosai, in ka ji ta ishe ka ka huta, amma kada ka tsallake ta don Ema Skye da ke cikinta za ta dawo a Apollo. Ta uku a wasa na biyu kuma, ta 'yan wasan sakos (circus), kusan kowa ya tsane ta. Ka daure, wadda ke biye da ita tana cikin mafi kyau a jerin gaba ɗaya.

Abba: Kuma kada ka nemi sunan kowa a YouTube ko Google, ko da hotonsa kake son gani. Tun a wurin rubuta sunan za su gaya maka wanda ya mutu da wanda ya kashe shi.