Neman kalma: me za mu kira "emergency contraception" da Hausa?

Mai Fassara: Salamu alaikum. Ina neman kalmar da za ta zauna a takardar wayar da kai ta asibiti a madadin "emergency contraception", wato abin da mace ke amfani da shi cikin gaggawa don hana ɗaukar ciki bayan saduwa ba tare da kariya ba. Uku nake ji a bakin mutane: ƙwayar washegari, maganin bayan saduwa, sai kuma Postinor kawai, kamar yadda kowane garin wanki ya zama Omo. Wacce za a ɗauka, ko akwai wadda ta fi su?

Mai Harhaɗa Magunguna: Wa alaikumus salam, Malam. Ta washegarin nan a fara ajiye ta gefe. Aro ce daga Turanci da Faransanci, kuma tana ɓatar da mutane ta fuska biyu. Wata za ta zauna jiran gari ya waye, alhali shan ta a daren ya fi. Wata kuma kwana biyu sun wuce, sai ta ce ai ta makara. Ba ta makara ba. Mai sinadarin levonorgestrel, miligiram 1.5, ana shan ta cikin awa 72, ƙarfinta na raguwa da tafiyar lokaci. Postinor-2 ƙwaya biyu ce, kowacce miligiram 0.75, kuma ana iya haɗiye su tare. Mai sinadarin ulipristal, miligiram 30, tana kai awa 120, wato kwana 5. Suna ɗaya na kamfani ba zai ɗauke su duka ba.

Ungozoma: Ni "bayan saduwa" ce ta fi damuna. A kunnen Bahaushe saduwa tana nufin an shiga. To wadda ba a shige ta ba fa? Amaryar da zafi ya hana su kaiwa ga haka suna wasa a waje, ko ma'auratan da ke yin azalu maigida ya zubar a bakin farji, duk za su ce maganar ba tasu ba ce. Kuma tasu ce. Idan ɗanyen maniyyi ya sauka a bakin farji, ko aka kai shi wurin da yatsa, ƙwayoyinsa na iya bin danshin wurin su haura. Tantanin budurci ba murfi ba ne, yana da kafa, ta nan jinin al'ada ke fitowa, don haka budurwa na iya ɗaukar ciki a haka. Haɗarin bai kai na cikakkiyar saduwa ba, amma akwai shi, musamman a kwanakin da ƙwai ke dab da fita. Maziyyi ma wani lokaci yakan zo da ƙwayoyin maniyyi.

Kada kuma a tsorata mutane a banza. Sumba, runguma, shafa ta kan tufafi masu kauri, maniyyin da ya bushe a zane ko ya zuba a kan fatar ciki ko ƙirji nesa da farji, ba sa kawo ciki, ba sa buƙatar wata ƙwaya.

Likita: Hajiya ta gama magana a nan. Abin da zan ƙara, duk kalmar da za a zaɓa kada ta ji ƙamshin "zubarwa" ko "wanke mahaifa". Maniyyi na iya rayuwa har kwana 5 a jikin mace, ƙwai kuwa kwana ɗaya ne iyakarsa bayan ya fito. Aikin ƙwayar shi ne ta jinkirta fitar ƙwan har maniyyin ya mutu bai tarar da kowa ba. Idan ƙwai ya riga ya fita, ba ta da abin yi. Idan ciki ya riga ya zauna, ba ta taɓa shi. Saboda haka ni "riga-kafin ciki na gaggawa" nake gani. Riga ƙwan ake yi.

Malamin Hausa: Likita, ta fuskar ma'ana ka yi daidai, amma ka tuna nauyin da kalmar ke ɗauke da shi a ƙasar nan. Riga-kafi a yau allurar yara ce. A 2003 aka dakatar da riga-kafin shan inna a Kano bisa jita-jitar cewa yana hana haihuwa, sai a 2004 aka ci gaba. Yau mu da hannunmu mu haɗa "riga-kafi" da "ciki" a takardar asibiti? Masu ɗigon shan inna ba za su gode mana ba.

Muna da kandagarki. Tsohuwar kalma ce, abin da ake tarar abu da shi kafin ya iso. Ba ta ce washegari ba, ba ta ce saduwa ba, ba ta ce ƙwaya ba (wadda dama 'yan shaye-shaye sun ɓata mata suna). Sai dai a ce "ɗaukar ciki", kada a tsaya a "ciki" kawai, don kada a zaci maganin gudawa ne. Kandagarkin ɗaukar ciki na gaggawa.

Ungozoma: Malam, ta yi tsawo, amma ta yi. Rashin "ƙwaya" a ciki ma riba ce, don wadda ta fi su duka ƙarfi ba haɗiya ake yi ba. Robar mahaifa mai jan ƙarfe, idan ma'aikaciyar da ta ƙware ta sa ta cikin kwana 5, tana hana fiye da kashi 99 cikin 100, kuma ta zauna ta ci gaba da aiki shekaru. A baki dai na san "na gaggawa" za a riƙa cewa. Kada a kira shi tazarar haihuwa. Tazara tsari ne na yau da gobe, wannan kuwa na ranar da aka yi kuskure ne: kwaroron roba ya fashe, an manta ƙwayar kullum, lokacin allura ya wuce, ko an yi wa mace fyaɗe. A na ƙarshen nan a kai ta asibiti cikin awa 72, don akwai maganin kariya daga ƙanjamau da shi ma yake da wa'adi.

Mai Harhaɗa Magunguna: Na yarda da kandagarki. A sa waɗannan a ƙarƙashinta, don nan ake faɗuwa. Idan ta yi amai cikin awa 2 da sha, ta sake shan wata. Mai shan rifampicin na tarin fuka, ko carbamazepine da phenytoin na farfaɗiya, ko efavirenz na ƙanjamau, hantarta na saurin narkar da ƙwayar, don haka robar mahaifa ta fi mata, ko likita ya ninka mata levonorgestrel zuwa miligiram 3. Mai jiki sosai ma levonorgestrel na iya yi mata rauni. Wadda ta sha ulipristal ta jira kwana 5 kafin ta koma ƙwayar kullum, don ta kullum ɗin na rage wa ulipristal ƙarfi, su yi amfani da kwaroron roba a tsakani. Babban kuskuren kuma: ta sha yau, ta ɗauka ta rufe mata satin. Ƙwan jinkirta shi aka yi, yana nan tafe, saduwar jibi na iya cin karo da shi.

Mai Fassara: Na gode. Na rubuta "kandagarkin ɗaukar ciki na gaggawa" a kai, sai "ƙwayar gaggawa" da "robar mahaifa" a matsayin rassa. Maimakon "bayan saduwa" na sa "bayan maniyyi ya taɓa farji, ko an shiga ko ba a shiga ba". Tambaya ɗaya, Likita: yaushe za ta san ya yi aiki?

Likita: Da zuwan al'ada. Tana iya zuwa da wuri ko ta ɗan makara, wata ma ta ga ɗigon jini a tsakani, wannan ba komai. Idan ta wuce lokacinta da kwana 7, ko ta zo 'yar kaɗan ba kamar yadda ta saba ba, ta yi gwajin fitsari. Wadda ba ta riƙe lissafin kwanakinta ba ta ƙirga mako 3 daga ranar da abin ya faru, gwajin kafin nan na iya nuna babu alhali akwai. Ciwon mara mai tsanani a gefe ɗaya kuwa ba a jira da shi, asibiti a ranar.