Neman shawara: koya wa yarinya mai ekzima hawa fo

Assalamu alaikum 'yan uwa. 'Yata tana da shekara 2 da wata 4, tun tana jaririya take fama da bushewar fata mai ƙaiƙayi, likita ya ce ekzima ce. Yawanci a bayan gwiwa da wuyan hannu take fito mata. Na fara cire mata famfas da rana, sai ga bayan cinyoyinta da ɗuwawunta sun yi ja, wurin da da lafiya lau yake. Da na sauke mata wando sai susa, har ta ji wa kanta ciwo. Yanzu ko fo ta gani sai kuka. In mayar mata da famfas ne, ko in daure mu ci gaba?

Maman 'yan biyu: Wa alaikumus salam. Mayar mata kawai, ba tsere ake ba. Yara da yawa sai sun kusa shekara 3 suke kamawa. Yaron da jikinsa ke ƙaiƙayi ba zai zauna a fo ya natsu ba, kuma in ta haɗa fo da zafi a ranta, sai kin sha wahala kafin ta sake yarda. Ki bari fatar ta lafa tukuna.

Wata uwa: Ni dai ban ga dalilin komawa ba. Ai fitsari a famfas shi ya fi cin fata. A samo mata wandon auduga mai ɗan yalwa, wanda robarsa ba ta matse cinya, da ta jiƙe a canza nan take.

Ma'aikaciyar jinya: Kowaccenku da gaskiyarta. Abin da ya sa wurin bai taɓa damunta ba, famfas na riƙe laima, ekzima kuwa busasshiyar fata take so, shi ya sa sau da yawa takan tsallake nan. Ga shi kuma hannu ba ya kaiwa. Yanzu an buɗe, wurin ya bushe, farce ya samu hanya.

Amma inda kika ce ya yi ja ya sa ni tambaya: da me kike wanke fo ɗin? In jan ya bi daidai inda bakin fo ke taɓa jiki, to ki zargi maganin wanke banɗaki ko bilic da bai ɗaurayu sosai ba. Ki riƙa ɗauraye shi da ruwa da yawa, ki bari ya bushe. Tsarki kuma da ruwa mai ɗan ɗumi, ban da sabulu mai ƙamshi, ban da tsumman goge jarirai mai turare. Ki dinga danna tawul a hankali, kar ki goga, sai ki shafa mata mai mara ƙamshi irin basilin tun jikin na da ɗanshi.

Inda iyaye suka fi mantawa shi ne hannu. Mai koyon fo wanke hannu ya ƙaru mata, ga wuyan hannun dama da matsala. Duk wankin hannu a bi shi da mai, a yanke farce.

Maganin shafawa mai sitiroyid (mai rage kumburi da ƙaiƙayi), wanda likita ya rubuta kawai, yadda ya ce. In kin mayar da famfas ki gaya masa, don fata a rufe ta fi shan magani. Ki bar kamar minti 30 tsakanin maganin da man shafawa. In kika ga wurin yana ruwa, ko ɓawo rawaya, ko ƙananan ƙuraje masu ruwa tare da zazzaɓi, asibiti a ranar.

Mai tambaya: Anti, wallahi da bilic nake wankewa kullum. To yaushe zan sake gwadawa? Da dare fa?

Ma'aikaciyar jinya: In jan ya tafi, tana iya yin awa 2 ba ta jiƙa ba, tana kuma gaya miki in ta yi. Na dare ki ƙyale shi da famfas, wannan yakan zo daga baya, wasu har shekara 5.

Wata kaka: 'Yata, man nan ki shafa bayan ta sauka. In kika lafta mata kafin ta hau, zamewa za ta yi ta ƙara tsorata. Allah ya ba ta lafiya.